Tambaya da Amsa: Sunana ya fito a tantancewar shiga soja, amma an ce sai na sayi gurbi

Tambaya:

Assalamu alaikum, Yallaɓai. Ni matashi ne ɗan shekara 21 daga jihar Jigawa. Na cika fom ɗin shiga rundunar sojan ƙasa ta Najeriya a matsayin kurtu, kuma sunana ya fito cikin waɗanda za a tantance a jiharmu nan da makonni biyar. Wannan ne karo na biyu, domin a bara tun a wurin gudu aka cire ni. Abokin yayana ya haɗa mu da wani mutum da ya ce yana da oga a hedikwatar soja a Abuja, wai an ba shi gurabe uku, kowanne a kan naira 450,000, rabi yanzu, rabi bayan na shiga. Ya ce duk wanda bai biya ba rakiya kawai ya yi wa 'ya'yan manya. Mahaifina ya fara maganar jinginar da gonarsa, ni kuma na kasa barci saboda shekaruna sun kusa wuce iyaka. Don Allah yaya zan shirya wa intabiyun, me ake tambaya, kuma mu biya kuɗin nan ko kada mu biya?

Amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka gama karanta wannan amsa, ka je ka roƙi mahaifinka ya bar gonarsa a inda take. Zan dawo kan mutumin nan naku, domin shi ne ainihin abin da ya hana ka barci, amma bari in fara sallamar ɓangaren da ya fi sauƙi, wato shirin kansa. Tunda ka taɓa tsayawa a filin tantancewa, ba sai na yi maka bayanin yadda ake jera mutane ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma ba.

Ka fara da takardunka, yau ɗin nan. Ka san sharuɗɗan da aka saba sanyawa: shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da sana'a, har zuwa 26 ga mai sana'a, tsawon da bai gaza mita 1.68 ba ga namiji, da cin darussa huɗu har da Turanci a zaman jarrabawar da bai wuce biyu ba, ko ta WAEC, ko NECO, ko NABTEB. Duk da haka ka sake karanta sanarwar wannan karon da idonka, saboda ita ce hujja. Abin da yaranmu ba sa lura da shi shi ne daidaituwar suna da ranar haihuwa. Ka shimfiɗa takardar haihuwarka, da ta firamare, da sakamakon sakandare, da takardar NIN, da bayanan BVN, da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ka duba su harafi bayan harafi. Mu a nan Arewa wannan cuta ta yi mana yawa: a firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a banki Muhammad, wani wurin an ƙara sunan gari a ƙarshe, wani wurin an cire, ranar haihuwa kuwa duk wanda ya riƙe biro ya rubuta 1 ga Janairu ya huta. Jami'in da ke duba takardu yana da ɗaruruwan mutane a bayanka, ba zai zauna yana warware maka tarihin sunanka ba. Idan ka ga saɓani, ka nemi takardar rantsuwa daga kotu, ka kuma fara bin gyaran tun yanzu, domin ka san halin ofisoshinmu: yau babu netwok, gobe mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, jibi a ce takardar bugawa ta ƙare. Makonni biyar ba su da yawa a hannun irin waɗannan mutane. Fom ɗin mai tsaya maka da na amincewar iyaye su ma a sa musu hannu da hatimi da wuri, kuma wanda zai sa hannun ya kasance mai matsayin da fom ɗin ya ambata.

Sai jiki. Gudu ne ya kayar da kai a bara, saboda haka amsar tambayarka ta fi kusa da ƙafafunka fiye da Abuja. Ka riƙa fita bayan sallar asuba kwana biyar a mako, ka fara da abin da za ka iya, ka riƙa ƙarawa har ka saba da gudun kilomita uku zuwa biyar ba tare da tsayawa ba, ka haɗa da motsa hannuwa da ciki. Wani lokaci ka fita da hantsi, saboda ranar tantancewa ba kai za ka zaɓi lokacin da za a busa usur ba. Takalmin da ka yi atisaye da shi, shi za ka sa ranar, kada ka sayi sabo ana gobe. Kwana biyu kafin ranar ka rage gudun, ka sha ruwa sosai, ka yi barci. Kada wani ya ba ka tiramadol ko wata ƙwaya da sunan ƙarin kuzari. Ana gwajin fitsari, kuma ko ba a yi ba, gudu a cikin rana da irin wannan abu a jini yana iya tsayar da zuciyar saurayi lafiyayye. Ka kuma je asibitin gwamnati a auna maka jini da ido, a duba ciwon hanta da gwaiwa da basir, domin ka san matsayinka tun kafin likitan soja ya gaya maka. Wasu daga cikin waɗannan ana magance su a dawo wani karon. Ciwon hanta nau'in B kuwa babu jiƙon da zai ɓoye shi daga gwajin jini, komai rantsuwar mai maganin.

Ganawar baki da baki ga mai neman kurtu gajera ce, ba ta kai tsawon wadda ake yi wa masu neman shiga NDA, wato makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna, ko masu digiri da ke neman zama hafsoshi ba. Za a so a tabbatar cewa kai ɗan inda ka ce ne, don haka ka san sunan mazaɓarka, da dagacinku, da hakiminku, da masarautarku, da shugaban ƙaramar hukumarku. Za a so a ji ko kana iya fahimtar umarni da Turanci ka kuma mayar da amsa, wataƙila a ce ka rubuta 'yan layuka. Za a iya tambayar ka dalilin da ya sa kake son aikin, kuma a nan jimla biyu na gaskiya sun fi doguwar hadda. Ka haddace taken ƙasa da aka dawo da shi a watan Mayun 2024, domin har yanzu akwai masu rera wanda aka ajiye. Ka san sunan babban hafsan sojan ƙasa da na babban hafsan tsaro na yanzu, ka kuma duba da kyau saboda an sauya su a watan Oktoban 2025. Ba laifi ka san cewa runduna ta 1 tana Kaduna, ta 3 tana Jos, ta 7 tana Maiduguri, ta 8 tana Sakkwato, cewa farmakin da ake yi a Arewa maso Gabas sunansa Haɗin Kai, da jerin muƙamai daga farabiti zuwa saje. Ka yi aski, ka tsaya a miƙe, ka ɗaga murya, ka dubi mai tambayar. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, domin wanda ya shekara ashirin yana sauraron kame-kamen yara yana gane shi tun daga kalmar farko.

To, mu koma ga mai gurabe uku.

Ba na jin akwai makon da zai wuce a lokacin ɗaukar sojoji ban ji wannan labari ba, kuma abin da ke ba ni haushi shi ne ko salon ba sa sauyawa. Kullum akwai oga a Abuja wanda ba a faɗin sunansa, kullum gurabe biyu ne ko uku suka rage, kullum ta hannun abokin ɗan'uwa ake zuwa, kullum kuma ana gaggawa. Rundunar soja ta sha nanatawa a kowace sanarwa cewa cike fom da tantancewa kyauta ne, fom ɗin kuma ta shafinta na intanet kaɗai ake cike shi, ta kuma sha kama sojan gona tana nuna su ga 'yan jarida, amma mutanenmu sun fi gaskata raɗar da aka yi musu a teburin mai shayi a kan abin da aka buga da hatimin hukuma.

Ka yi tunanin yadda aikin yake tafiya, kai da ka gan shi da idonka. Sashe na 217 na kundin tsarin mulkin 1999 ya wajabta cewa hafsoshi da ƙananan sojoji su fito daga dukkan sassan ƙasar nan, shi ya sa ake raba adadin da za a ɗauka jiha jiha, ake kuma tilasta wa kowa ya je jiharsa ta asali. A filin, wani ne ke duba takardu, wani ke auna tsawo, likita daban, masu gwajin jini daban, masu kula da gudu daban, sannan a tattara sunayen a tura sama. Bayan an isa makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda aka fi sani da Daffo, da take wannan aiki tun 1924, a can ma sai an sake duba takardu da lafiya. Wanda ya ce zai saya maka wannan jeren mutane gaba ɗaya da naira 450,000, bayan ya cire nasa rabon da na abokin yayanka, ko dai bai san aikin ba ko kuma ya tabbata kai ba ka sani ba.

Ga yadda sana'ar tasu take, tunda na ga har yanzu ba a gane ba. Mutumin zai bi ƙauyuka ya karɓi rabin kuɗi daga wurin yara ashirin ko talatin, dukkansu kuwa waɗanda sunansu ya riga ya fito ne, wato sun cika sharuɗɗan farko da kansu. Daga nan ba ya kiran kowa, ba ya zuwa ko'ina, zama kawai yake yi ya jira. A cikin talatin ɗin nan dole wasu su ci da ƙarfin ƙafarsu da lafiyarsu da tsabtar takardunsu. Ranar da sunaye suka fito, shi ne na farkon kiran iyayensu yana murna, ya karɓi ragowar rabin, har da tukuici, su kuma su zama shaidunsa a gari har shekara mai zuwa. Ya sayar musu da abin da dama nasu ne, kamar wanda ya ga hadari ya haɗu sannan ya bi gidaje yana karɓar kuɗin kawo ruwan sama. Waɗanda ba su samu ba kuwa akwai amsoshin da aka tanadar musu: an yi wa oga canjin wurin aiki, akwai jeri na biyu da zai fito, an mayar da sunanka zango mai zuwa, ka ƙaro dubu hamsin a tura wa wanda ke buga sunayen. Wanda ya fi kowa tayar da jijiyar wuya a mayar masa da wani abu kaɗan domin a rufe bakinsa. Wannan maganar ta rabi yanzu rabi daga baya, wadda ta sa kuka ga kamar mai gaskiya ne, ita ce ƙugiyar, domin ko rabin kaɗai ya tsira da shi ya ci riba ba tare da ya kashe ko kuɗin kati ba.

Da a ce asarar kuɗi ce kawai da ban tsawaita haka ba. Akwai waɗanda ba sa tsayawa nan. Idan iyaye suka matsa, sai su buga takardar bogi mai tambarin soja da sa hannun ƙarya, ko su tura saƙon waya cewa an ɗauki yaro, ya hallara a Zariya rana kaza. A yi walima a gida, a yi masa addu'a, ya aske kai ya hau mota da jakarsa. A ƙofar bariki kuwa jerin sunayen da ya zo daga hedikwata ake dubawa, ba takardar da ke hannunka ba, kuma yaron da ya miƙa takardar jabu shi ake riƙewa a fara yi wa tambayoyi, alhali wanda ya buga ta ya riga ya jefar da layin wayarsa. Wasu kuma suna karɓar ainihin takardun makaranta wai za a kai wa oga, daga nan su zama abin garkuwa, ba za ka sake ganin su ba sai ka biya. Wasu su nemi lambar BVN da lambobin sirrin da banki ke turowa, su kwashe ɗan abin da ya rage a asusu. Mafi muni su ne masu cewa za su rage maka shekaru ko su samo maka shaidar wata ƙaramar hukuma da ba taka ba. Dokar rundunonin soja ta ɗauki ba da amsar ƙarya a takardun shiga aiki a matsayin laifi, kuma mutum zai iya gama horo, ya yi shekaru yana aiki, ranar da aka gano a kore shi ba tare da komai ba, in ma ba a hukunta shi ba.

Sannan ka sani cewa a ƙarƙashin dokar da ta kafa ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, a shekarar 2000, mai ba da cin hanci da mai karɓa duk masu laifi ne. Ɗan damfarar ya san wannan fiye da kai. Ya san cewa ranar da kuɗin suka shiga hannunsa bakinku ya ɗaure, domin dattijo mai mutunci kamar mahaifinka zai ji nauyin zuwa gaban hukuma ya ce ya ba da toshiya an cinye. Da wannan kunyar suke rayuwa shekara da shekaru a gari ɗaya ba wanda ya tona su.

Na san abin da za ka ce, domin kowa shi yake faɗa: to ai ana alfarma. Ni ba zan ɗauki Alƙur'ani in rantse maka cewa akwai wata ma'aikata a ƙasar nan da ba a taɓa yi wa wani alfarma a cikinta ba, kuma duk wanda ya rantse maka da haka ka yi hattara da shi ma. Amma ko a inda aka yi ta, ba a tallarta a kasuwa, ba a karɓar kuɗinta ta asusun mai POS, ba kuma a neman yaron da ba a taɓa gani ba a ƙauyen Jigawa domin a ba shi. Ka kuma dubi barikokin ƙasar nan ka gaya mini 'ya'yan su wane ne ke cikinsu a matsayin farabiti da kofur. 'Ya'yan manoma ne da 'yan kasuwa da tsofaffin sojoji, waɗanda iyayensu ba su taɓa riƙe naira 450,000 a dunƙule ba. Manyan da ake cewa za ka yi wa 'ya'yansu rakiya ba aikin kurtu suke nema wa 'ya'yan nasu ba. Jita-jitar tana yaɗuwa ne saboda tana da daɗin faɗa ga wanda bai samu ba. Masu nema sun ninka guraben sau da yawa, dole a bar mutane masu yawa a baya, har da waɗanda ba su da wani aibu, kuma ya fi sauƙi mutum ya dawo gida ya ce ba shi da kowa a sama a kan ya ce numfashinsa ne ya ƙare a kilomita na biyu.

Illar da ta fi damuna ita ce wadda take yi wa yaron kansa. Wanda aka biya wa kuɗi yakan daina fita gudu, saboda a ransa an gama magana. Ya je fili da jikin da bai shirya ba, ya faɗi, a yi asarar gona da damar gaba ɗaya. A ƙaddara ma ya tsallake ta wata hanya, yana ɗauke da hawan jini ko wata cutar da aka ɓoye, to watanni shida na horo suna jiran sa, bayan su kuma dajin Sambisa ko dazukan Zamfara, inda babu ogan da zai ɗaukar masa bindiga da jaka. Gwajin lafiyar da kuke ganin kamar mugunta ce, domin kare ran mai neman aka sa shi, da rayukan waɗanda za su dogara da shi a bakin daga.

Iyaye kuma, ku nake wa magana yanzu, tunda na san za a karanta muku. Kun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai ba da rashawa da mai karɓarta, kuna jin wannan a masallaci kuna gyaɗa kai, amma da zarar an zo kan ɗanku sai ku ce ai wannan taimako ne. Aikin da za a damƙa wa yaro makami da amanar rayukan jama'a, kuna so ya fara shi da sanin cewa saya aka yi. Gobe idan aka ajiye shi a shingen bincike a kan hanya ya fara miƙa hannu yana karɓa daga direbobi domin a fanshi gonar da aka jinginar, ku ne za ku fi kowa zagin lalacewar ƙasa, alhali a tsakar gidanku aka koya masa darasin farko. Ku ba shi kuɗin mota da na abinci, ku saya masa takalmin gudu mai kyau, ku tashe shi da asuba, ku yi masa addu'a. Abin da ke kanku ke nan.

Game da shekarunka, ɗana, ka duba ranar da sanarwar ta ce za a yi lissafin shekaru a kanta, domin da ita ake aiki, kuma a 21 mai yiwuwa ne kana da sauran zango ɗaya ko fiye a gabanka. Idan kana da sana'a kamar tuƙi, kanikanci, walda, aikin lantarki ko gini, ka nemi takardar gwajin sana'a ta gwamnati, saboda ita ce ke buɗe maka ƙofar masu sana'a har zuwa shekara 26. Sojan ruwa da sojan sama su ma suna ɗaukar nasu kuratan a lokuta daban, kowa da sharuɗɗansa. Shi kuma mai gurabe uku, idan ya sake kira, ka ce ya ba ka cikakken sunan ogan, da muƙaminsa, da sashen da yake aiki, domin mahaifinka yana so ya je ya gaishe shi a ofis. Kada ka goge saƙonninsa da lambar asusun da ya turo. Ka kai su ofishin 'yan sanda ko barikin soja mafi kusa da ku tun kuɗi ba su shiga tsakaninku ba, ka kuma gaya wa yayanka ya binciki ko nawa aka yi wa abokin nasa alkawari a kan kowane yaro da ya kawo.